Birnin Guangzhou da Binciken Galahanga: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Auna Shaida Kafin Ta Yanke Hukunci

Ga akasarin Hausawa, da an ambaci birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, fatauci ne ke fara zuwa a rai. Can ne 'yan kasuwar Kano da Katsina da Maraɗi da Yamai ke sauka su saro yadi da takalma da wayoyin salula, su yi masauki a unguwar Xiaobei, sa'an nan su aiko da kayansu gida ta ruwa ko ta sama. To amma birnin, wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yana da mutane fiye da miliyan 18, yana da waɗansu baƙin na dabam da ba saye ko sayarwa ya kawo su ba. Iyaye ne daga larduna daban-daban na ƙasar, riƙe da hannun 'ya'yansu, suna jiran ganin likita a Asibiti na Uku na Jami'ar Sun Yat-sen. A nan ne a shekarar 1999 Dokta Zou Xiaobing ya buɗe cibiyar kula da girma da ɗabi'un yara, wadda ta yi suna a duk faɗin ƙasar wajen gano lalurar nan da likitoci ke kira otizim.

Tambayoyin da irin waɗannan iyaye ke zuwa da su ba su bambanta da na takwarorinsu na Zariya ko Damagaram ba. Me ya sa yaro zai toshe kunnuwa yana kururuwa saboda ƙarar da kowa bai damu da ita ba? Me ya sa zai hango ɗan ƙaramin abin da ya ɓace wa duk mutanen gida, amma a kira sunansa ya ƙi waiwayowa? Me ya sa idan aka yi masa tambaya mai sauƙi sai ya yi shiru na tsawon lokaci, har mai tambayar ya gaji ya tafi? Cikin shekaru kamar 20 da suka wuce masana sun fara samun amsoshi, kuma wani kaso na aikin a Guangzhou aka yi shi. Abin da binciken ke nunawa a taƙaice shi ne, ba taurin kai ba ne, ba kuma lalle rashin basira ba ne. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke auna abin da ido da kunne suka kawo mata da wani ma'auni dabam da na sauran jama'a.

Lalura ɗaya, sunaye da yawa

A kafofin watsa labarai na Hausa an fi kiran wannan lalura da suna galahanga, ko da yake a bakin jama'a kalmar kan haɗa laluri iri-iri da ba su da dangantaka da juna. Sinawa kuwa suna da sunaye biyu, ɗaya na nufin ciwon kaɗaici, ɗaya kuma ciwon kulle kai, kana a maganar yau da kullum sukan kira yaran da suna 'ya'yan taurari. Alamominta na asali biyu ne: wahalar cuɗanya da musayar magana da mutane, da kuma nacewa ga maimaita abu guda tare da ƙin sauyi. Akwai masu lalurar da ba sa magana sam, akwai kuma waɗanda suka kai matsayin farfesa.

Wata likita 'yar Tarayyar Sobiyet, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara tun a shekarar 1925, amma rahoton da Leo Kanner ya wallafa a Amurka a 1943 game da yara 11 shi ne ya jawo hankalin duniya. A ƙasar Sin sai a 1982 ne Farfesa Tao Guotai na birnin Nanjing ya ba da rahoton yara huɗu na farko, kuma a 2006 hukumomin ƙasar suka sanya lalurar a jerin nakasassun da gwamnati ta amince da su. Wani babban bincike da aka gudanar a birane takwas na ƙasar, aka kuma wallafa a 2020, ya gano cewa kimanin yara bakwai cikin kowane 1,000 masu shekaru 6 zuwa 12 na ɗauke da ita. A Amurka, inda aka fi yawan gwaji, alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta fitar a 2025 sun nuna yaro ɗaya cikin 31 a tsakanin 'yan shekara takwas.

Tun zamanin Kanner iyaye ke faɗa wa likitoci cewa 'ya'yansu na jin ƙara da haske da taɓi ba kamar kowa ba. Amma sai a shekarar 2013 ne kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogaro da shi ya shigar da wannan a cikin alamomin da ake dubawa a hukumance. Wannan sauyi ya ƙara wa masu binciken gani da ji ƙwarin gwiwa ƙwarai da gaske.

Gani ma hukunci ne

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kamar dai abin da ido ya gani ba ya bukatar wata hujja. Masana ƙwaƙwalwa kuwa sun nunar da cewa shi kansa ganin hukunci ne da ake yankewa. Alal misali, a ɗauki masu duban jinjirin wata a yammacin 29 ga Sha'aban. Akwai hazo, akwai ƙura, ga sauran hasken rana. Mutum ya hangi wani ɗan fari siriri a yamma, to wata ne, ko kuwa gefen girgije? Abin da ya shigo idonsa bai isa ya raba gardama ba. Dole ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da abin da ta sani tun tuni, wato inda wata ya saba tsayawa da yadda siffarsa take, sa'an nan ta tsai da magana: na gani, ko ban gani ba.

Irin wannan hukunci muke yankewa dare da rana ba tare da mun lura ba. Mai tsallaka titi a bakin Kantin Kwari yana kintatar gudun A Daidaita Sahu, mai awo a Dawanau yana duban tsabar gero ya san tsoho ne ko sabo, uwa tana jin kuka daga nesa ta gane na ɗanta ne. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

A shekarar 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Ratcliff ya fito da wani lissafi da ke fasalta yadda ake yanke irin wannan hukunci. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a kwatanta ƙwaƙwalwa da alƙali a zaman shari'a. Shaidu na shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu na goyon bayan wannan ɓangare, wasu wancan. Abubuwa biyu ne ke ƙayyade lokacin da za a tashi daga zaman. Na farko shi ne ingancin shaidun, na biyu kuma yawan shaidar da shi alƙalin ya ɗora wa kansa samu kafin ya gamsu. Alƙalin da ke gamsuwa da shaida kaɗan zai yi sauri, amma zai yawaita kuskure. Wanda ke neman shaida mai yawa zai jinkirta, amma hukuncinsa zai fi inganci. Amfanin lissafin Ratcliff shi ne yana iya rarrabe waɗannan dalilai biyu na jinkiri, abin da agogo kaɗai ba zai iya ba.

A 2017 wata tawaga a Jami'ar Sheffield ta Ingila, da ta ƙunshi Angelo Pirrone da Elizabeth Milne, ta yi amfani da wannan lissafi a kan manya masu otizim. An riƙa nuna musu zane-zanen layuka a allon kwamfuta, ana tambayarsu inda layukan suka karkata. Sun fi sauran mutane jinkirin amsawa, amma ba su fi su kuskure ba. Da aka warware alƙaluman, sai aka ga ingancin shaidar da idonsu ke tattarawa daidai yake da na kowa. Bambancin yana ga alƙalin ne: ya fi taka tsantsan, yana neman ƙarin shaida kafin ya furta hukunci. Ba duk binciken da ya biyo baya ne ya sami wannan sakamako ba, musamman a tsakanin ƙananan yara, amma darasin ya tsaya, wato jinkirin amsa ba hujja ba ce ta cewa mutum bai gane ba.

Rikicin tsammani da zahiri

Sashe na biyu na maganar ya shafi abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta sani. A 1983 Amitta Shah da Uta Frith sun nuna a London cewa yara masu otizim sun fi takwarorinsu gwanintar gano ƙaramar siffa da aka ɓoye a cikin babban zane. Kamar dai babban hoton ba ya ɗauke musu hankali daga ƙananan sassansa. A 2012 kuma Elizabeth Pellicano da David Burr suka kawo wani bayani da ya tayar da muhawara mai yawa. A ganinsu, ƙwaƙwalwar mai otizim ba ta jingina sosai ga abin da ta saba gani a baya, don haka kowane abu kan zo mata kamar sabo fil.

Wannan na da riba, yana kuma da hasara. Ribar ita ce mutum zai ga abu yadda yake, ba yadda ake tsammaninsa ba. Wani gwaji da Benedetto De Martino da abokan aikinsa suka yi a London a 2008 ya nuna cewa, idan aka gabatar da zaɓi guda na kuɗi ta fuska biyu, sau ɗaya a matsayin riba, sau ɗaya a matsayin asara, masu otizim ba sa ruɗuwa da salon maganar kamar yadda sauran mutane ke yi. Hasarar kuwa ita ce gajiya. Wanda ke zaune kusa da injin niƙa yakan daina jin ƙararsa bayan 'yan kwanaki, saboda ƙwaƙwalwarsa ta san da shi ta kuma yi watsi da shi. To yaya rayuwa za ta kasance ga wanda ƙarar ba ta taɓa zame masa jiki?

Daga bisani waɗansu masanan sun yi wa wannan ra'ayi gyaran fuska. A 2017 Rebecca Lawson da Christoph Mathys da Geraint Rees sun shirya wani gwaji inda wani sauti ke nuna ko hoton fuska ne zai biyo baya ko na gida, amma ana sauya ƙa'idar lokaci zuwa lokaci. Suka gano cewa manya masu otizim na ɗaukar duniya a matsayin wuri mai saurin sauyawa fiye da yadda take a haƙiƙa, saboda haka ba sa sakin jiki da kowace ƙa'ida. A 2019 kuma tawagar Farfesa Merav Ahissar ta Jami'ar Hibru da ke birnin Ƙudus ta yi gwaji da sautuka, ta kuma gano cewa masu lalurar na amfani da abin da suka ji a baya, sai dai suna jinkirin sabunta shi idan al'amura suka canza. Har yanzu ana tafka muhawara a kan wane bayani ne ya fi dacewa, amma dukkansu sun haɗu a wuri guda: awon da ake yi tsakanin tsammani da zahiri ne ya bambanta. Idan aka fahimci haka, to nacewar yaro ga bin hanya ɗaya zuwa makaranta, ko shan koko a kofi guda kullum, ta daina zama abin mamaki. Dabara ce ta rage yawan hukuncin da zai yanke a yini.

Abin da aka gano a Guangzhou

A wannan fage ne masu bincike na Guangzhou suka ba da tasu gudummawa. Birnin na da wata makarantar gwamnati ta musamman ga yara masu otizim, wato makarantar Cana, wadda ke haɗa koyarwa da bincike. Dokta Yi Li, wadda a lokacin take sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Sun Yat-sen kafin ta koma Jami'ar Peking, ta yi aiki tare da malaman wannan makaranta da kuma cibiyar Dokta Zou.

A wani bincike da suka wallafa a 2013, sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ido domin ganin inda yara ke kallo idan aka nuna musu hoton fuska. Sakamakon ya nuna cewa bambancin bai game dukkan fuskar ba. Yadda suke duban hanci da baki bai sha bamban da na sauran yara ba, idanu ne kawai suke taƙaita kallonsu. Muhimmancin wannan a fili yake, domin kuwa daga idanu ne ɗan Adam ke ɗebo kaso mai yawa na shaidar da yake yanke hukunci da ita game da niyyar wanda ke gabansa. Alƙalin da bai saurari wannan mashaidi ba, dole hukuncinsa ya bambanta.

A wani gwajin na shekarar, an yi wasan ɓoye kyauta a cikin akwatuna, inda wani baƙo da yaran ba su taɓa hulɗa da shi ba ke nuna musu akwatin da ya ce kyautar na ciki. Yara masu otizim ba su yarda da duk abin da aka faɗa musu ido rufe ba, amma sun fi takwarorinsu gaskata baƙon. A binciken da ya biyo baya a 2014, an riƙa yaudarar yaran da gangan sau da dama a cikin wasan, sai aka ga sun fi jinkirin daina yarda da mayaudarin. Wannan ya yi daidai da batun jinkirin sabunta tsammani, kuma gargaɗi ne ga iyaye a ko'ina: irin waɗannan yara sun fi shiga hatsarin faɗawa hannun macuta, don haka suna bukatar a koya musu dalla-dalla wanda za su bi da wanda ba za su bi ba.

Ƙaimi da linzami

To, mene ne tushen wannan bambanci a cikin ita kanta ƙwaƙwalwar? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙai. Gulutamet shi ne ƙaimi, yana zaburar da ƙwayar jijiya ta yi aiki. Na biyun, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan GABA, shi ne linzami, yana tsai da ita. Dokin da ke da ƙaimi ba linzami ba ya zuwa inda ake so, haka nan ƙwaƙwalwa ba ta iya tsai da hankali a kan murya ɗaya a tsakiyar kasuwa sai ta danne sauran muryoyin. A 2003 John Rubenstein da Michael Merzenich na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka gabatar da ra'ayin cewa, a waɗansu nau'o'in otizim, daidaiton da ke tsakanin ƙaimin da linzamin ne ya goce.

Caroline Robertson da abokan aikinta a Harvard da MIT sun jarraba wannan ra'ayi ta wata hanya mai ban sha'awa. Idan aka nuna wa idon dama hoto ɗaya, na hagu kuma wani hoton dabam, ƙwaƙwalwa ba ta gauraya su, sai ta riƙa ganinsu bi da bi, tana danne ɗaya tana bayyana ɗaya. Sun gano cewa a wurin masu otizim wannan dannewa ba ta da ƙarfi, hotunan biyu sun fi daɗewa a cakuɗe. A 2016 suka auna sinadaran da na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A wurin sauran mutane, gwargwadon yawan GABA a sashen gani, gwargwadon ƙarfin dannewar. A wurin masu otizim kuwa yawan sinadarin bai gaza na kowa ba, amma wannan dangantaka ta ɓace. Wato linzamin na nan a bakin doki, sai dai jan sa ba ya yin tasirin da aka saba. A 2017 Nicolaas Puts da tawagarsa a Jami'ar Johns Hopkins sun sami ƙarancin GABA a sashen da ke kula da taɓi a ƙwaƙwalwar yara masu lalurar. Amma a 2018 wani binciken haɗin gwiwa tsakanin London da Stockholm bai ga wani bambanci ba a yawan kafofin da ke karɓar sinadarin a ƙwaƙwalwar manya. Ashe lamarin ya wuce a ce wani sinadari ne ya yi ƙaranci a ƙara shi.

Akwai kuma waɗansu sinadaran da ke da hannu. Noradaranalin shi ne ke farkar da ƙwaƙwalwa idan abin da ba a zata ba ya faru, kuma ana iya kintatar aikinsa daga yadda ɗan baƙin tsakiyar ido ke buɗewa. A gwajin Lawson da aka ambata an ga wannan buɗewa ta bambanta a wurin masu otizim. Tun a 1961 kuma aka lura cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu lalurar na da yawan sinadarin serotonin a jininsu, abin da har yau ake ƙoƙarin fassarawa.

Nan ma Guangzhou ta taka rawa. A 2019 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa aikin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Sun Yat-sen da Jami'ar Aikin Gona ta Kudancin Sin, dukansu a birnin, da wata cibiyar bincike ta Shenzhen da kuma MIT ta Amurka. Masanan sun sauya wata ƙwayar gado mai suna SHANK3 a jikin birai. Aikin wannan ƙwaya shi ne gina turakun da ke riƙe mahaɗar jijiyoyi a inda gulutamet ke isar da saƙo, kuma lalacewarta a jikin ɗan Adam na daga cikin sanannun musabbaban otizim, ko da yake a kaso kaɗan na masu lalurar. Biran da aka haifa sun nuna rashin barci mai kyau, da maimaita motsi guda, da raguwar cuɗanya da 'yan'uwansu, kana hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sauyi a yadda sassanta ke sadarwa. Ana ci gaba da muhawara a kan halaccin yin irin wannan gwaji da birai, amma ya ƙarfafa hujjar cewa asalin lamarin na cikin ginin ƙwaƙwalwa ne. Wani bincike na ƙasashe biyar da ya shafi mutane fiye da miliyan biyu, wanda aka wallafa a 2019, ya ƙiyasta cewa gado ne ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yiwuwar samun lalurar. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce, domin rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi an janye shi a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiyarsa.

Maganin da bai samu ba tukuna

Mai karatu zai iya cewa, tun da an san sinadaran, ai sai a haɗa magani. An gwada. Wani maganin sa fitsari mai suna bumetanide, wanda ke shafar yadda GABA ke aiki, ya ba da alamun nasara a ƙananan gwaje-gwaje a Faransa, haka kuma a wani gwaji kan yara 83 a birnin Shanghai da aka wallafa a 2020. Amma da aka kai ga manyan gwaje-gwaje biyu masu yara fiye da 400, sai aka dakatar da su a 2021 saboda maganin bai fi ƙwayar da ba ta da sinadari ba. A wannan shekarar ce kuma wani gwaji a Amurka kan yara 290 ya nuna cewa shaƙa sinadarin okzitosin ta hanci bai inganta cuɗanyarsu da mutane ba. Magunguna biyu da hukumomin Amurka suka amince da su a 2006 da 2009 na rage fushi da tashin hankali ne kawai, ba sa taɓa asalin lalurar, kuma suna da nasu illolin.

Inda magani ya gagara, nan masu neman abin duniya ke kafa rumfa. A watan Afrilun 2016 wani yaro ɗan kimanin shekara huɗu ya rasu a wata cibiya da ke gundumar Panyu ta Guangzhou, wadda ke iƙirarin warkar da otizim ta hanyar tilasta wa yara tafiyar kusan kilomita 20 a yini cikin tufafi masu nauyi. Mahaifiyarsa ta kawo shi ne tun daga arewa maso gabashin ƙasar. Lamarin ya girgiza jama'ar Sin, ya kuma jawo kiraye-kirayen a tsaurara sa ido a kan irin waɗannan wurare. Ya kamata wannan ya zama izina ga duk mahaifin da wani dillali zai yi wa tayin kai ɗansa waje domin allurar ƙwayoyin halitta ko wani magani na sirri, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da aka tabbatar yana warkar da lalurar. Izina ce kuma ga waɗanda ke ɗaure yaro ko dukansa da sunan fitar masa da iska.

Darasin da za a ɗauko

Abin da Guangzhou ta fi cancantar a koya daga gare ta ba ya shiga kwantena. Shekara da shekaru Dokta Zou na jaddada cewa iyaye ne ginshiƙin taimakon yaro, a cikin gida da harkokin yau da kullum, ta hanyar tsara masa yini, da ƙarfafa kyawawan ɗabi'u, da gina shaƙuwa tsakaninsu. Tun a 1997 kuma wani masani ɗan Birtaniya, Brian Stratford, da mai ɗakinsa suka taimaka aka kafa ƙungiyar iyaye ta Yangai a birnin, inda iyalai ke koya wa juna, suna kuma neman a karɓi 'ya'yansu a makarantun kowa da kowa.

A Afirka, tun a 1978 Victor Lotter ya tabbatar da samuwar lalurar a ƙasashen da ya zagaya, ciki har da Nijeriya. Masana irin su Dokta Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Inugu sun nuna cewa babbar matsalar nahiyar ita ce jinkirin ganowa. A ƙasar Hausa akwai wani ƙarin dalili: yaron da ke sunkuyar da kai ya ƙi haɗa ido da manya, yabonsa ake yi da kunya da ladabi. Don haka sai iyaye su lura da waɗansu alamun, kamar rashin waiwayowa idan an kira suna, da rashin nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, da jinkirin magana ko ɓacewarta bayan ta fara. Wanda ya ga haka ya nemi likitan yara a asibitin koyarwa mafi kusa, a kuma fara da gwada jin yaron. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sanya wa hannu a Nijeriya a watan Janairun 2019 ta ba irin waɗannan yara haƙƙin neman ilimi kamar kowa.

Sauran kuwa abubuwa ne da binciken da aka zayyana ke nunawa kai tsaye, kuma ba sa bukatar kuɗi. Idan ƙwaƙwalwar yaro na neman ƙarin shaida, to a yi masa tambaya ɗaya a gajarce, a jira, kada a maimaita ta da sabbin kalmomi, domin kowace sabuwar jimla sabon zaman shari'a ce. Idan danne hayaniya na yi masa wuya, a kashe rediyo kafin a yi masa magana, malami kuma ya zaunar da shi nesa da taga. Idan sauyi na firgita shi, a sanar da shi tun da wuri cewa gobe za a je gidan biki, a nuna masa hoto in da hali, a kuma tanadar masa wurin da zai keɓe in abin ya yi masa yawa. Idan kuma yana da idon ganin ƙananan abubuwa, a nema masa sana'ar da ke bukatar hakan, ko ɗinki ne, ko gyaran waya, ko aikin kwamfuta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga watan Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai game da wannan lalura, bisa shawarar da ƙasar Katar ta gabatar a 2007. Masana a Guangzhou da London da Boston na ci gaba da bin diddigin sinadarai da jijiyoyi, kuma mai yiwuwa ne a ɗauki shekaru kafin aikinsu ya haifar da magani. Kafin wannan lokaci, abin da suka riga suka gano ya isa ya sauya yadda ake mu'amala da yaron da ya yi shiru bayan an yi masa tambaya. Yana nan yana sauraron shaidu, kuma abin da yake bukata daga iyaye da malamai shi ne su ba shi lokaci ya kammala.